Babba jibji na: maganar da aka yi a makokin wani alƙali

Wata baiwar Allah ta rubuto mini doguwar wasiƙa daga Argungu, zan taƙaita ta. Mahaifinta ya rasu watan jiya. Ya kama alƙalanci a 1974, ya zauna Kamba, ya zauna Jega da Yawuri, har ya cika shekara 35 ya ajiye aiki ya dawo gida. Ran sadakar uku tana daga cikin gida tana jiyo maganar maza a zaure, sai wani dattijo ya ɗaga murya ya ce, "Malam babba na, babba ko jibji na." Maganar ta tsaya mata a rai. Daga baya ƙanenta ya gaya mata dattijon nan ya taɓa shari'ar gona a gaban Malam, kuma shi aka kayar. Ta ce, "Malam, zagin baba ya yi a gaban jama'a, ko kuwa ni ce ban gane ba?" Ta haɗa da ƙananan tambayoyi uku: me baba yake nufi da yawan cewa shari'a macce da ciki ta, me ya haɗa alƙali da Kadi, da yadda za su rubuta addu'a a takardar da za su buga.

Allah ya ba ku haƙuri, 'yata. Kwantar da hankalinki, ba zagi ba ne.

Jibji shi ne juji. Ku mutanen Kabi da Sakkwato da Zamfara ku ne kuka riƙe tsohon lafazin, Kanawa ne suka sassauta shi. Haka kuke cewa sabka su ce sauka, ku ce zamna su ce zauna, ku ce abduga su ce auduga. Wani Bajamushe mai suna Klingenheben ya yi bayanin wannan sauyi tun a shekarun 1920, har yau masu nazarin Hausa da sunansa suke kiran dokar. Wannan "na" da dattijon ya rufe magana da ita kuma ita ce "ne" ta Kano. Abin da ya faɗa ke nan, babba juji ne, kuma karin maganar tana da cikon da akan bari a baki: kowa ya kwaso shara kansa yake zubawa.

To duba juji da kyau. Matar da ta share tsakar gida da asuba can take nufa da toka da ɓawon gyaɗa. Yaro ya kai tsumma, mai awaki ya kai kashinsu. Ba wanda yake sallama kafin ya zuba, ba wanda yake godiya bayan ya zuba, kuma juji bai taɓa cewa ya isa haka ba. Alƙalin karkara haka rayuwarsa take. Abin da ake kawo masa ba labarin daɗi ba ne: auren da ya ƙi, gadon da ya raba 'yan ɗaki ɗaya, iyakar gona da aka matsar da dare, shanun da suka shiga dawa, bashin da aka ci aka shafe baki. Ya tashi daga kotu ya iso gida, ya tarar da wasu a zaure suna jiransa, su ma da tasu sharar. Ke kanki kin rubuta cewa sau da yawa tuwonsa kan huce a kwano saboda masu sallama, kuma duk da haka bai taɓa kwana bai bi ɗaki ɗaki ya tambayi lafiyar kowa ba, har ya duba allon ƙananan. Ai wannan shi ne jujin.

Akwai kuma abin da manomi ya sani game da juji wanda ɗan birni kan manta. Idan bazara ta yi, jujin nan ake haƙa a loda wa jakai a mangala a kai gona. Sharar bara ita ce takin bana. Dattijon da ya yi maganar manomi ne, ina kyautata zaton da wannan ma'anar a ransa ya faɗa. Kuma ni a wurina, kasancewarsa wanda aka kayar ya fi komai nauyi. Wanda aka ba gaskiya dole ya yabi alƙali. Wanda aka hana gona, ya wanke ƙafa ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma ya kira mamacin babba, wannan ya ba da shaidar da ba a saya da kuɗi. Da ƙanenki zai bi shawarata, da ya je har gida ya yi masa godiya.

Ban ce karin maganar ba ta da haɗari ba. Yaro ya kalli dattijo ya ce masa juji, ya yi rashin kunya. Magana ce da babba ke faɗa wa babba don ba shi haƙuri, ko a faɗa a bayan idonsa don yabo.

Sai shari'a mace da ciki. Mutane da yawa suna jin ta kamar habaici ne ga kotu, wai ba ta da tabbas. A bakin mai ƙara tana iya zama haka. A bakin alƙali kuwa gargaɗi ce ga kansa: ba a san abin da mai ciki za ta haifa ba sai ta sauka, don haka kada ka raɗa suna tun ba a haihu ba. Ƙa'idar da alƙalanmu suke bi ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Mutum na iya shigowa da gaskiyarsa ya rasa shaidu, wani ya shigo ana yi masa kallon maƙaryaci, shaida ɗaya ta juya zancen. Shi ya sa ake cewa shari'a saɓanin hankali.

Na taɓa zama a wata ƙaramar kotu a ƙasar Zamfara ina sauraro. An gama jin shaidu, kowa ya ga inda aka dosa, har masu zama a benci sun fara gyara hula za su tashi. Alƙalin ya ajiye alƙalami, ya dubi wadda hukunci zai hau kanta, ya ce, "Kina da sauran magana? Akwai wata hujja da ba ki kawo ba?" Ta ce, "Allah gafarta Malam, babu." Ya sake tambaya, ya sa aka rubuta amsarta, sannan ya yanke. Wannan tambaya ta ƙarshe sunanta i'izari a fiƙihun Malikiyya, kuma kotun sama takan rushe hukuncin da aka yi ba tare da ita ba. Wanda ya yi shekara 35 yana yin wannan tambaya, ba mamaki ya riƙa cewa shari'a macce da ciki ta, ko da rigimar yara ce a tsakar gida.

Alƙali da Kadi kalma ɗaya ce, hanyar shigowa ce ta bambanta. Asalinta Larabci ne, al-ƙali, da harafin nan na ladi (ض) wanda malamanmu na zaure suke furtawa kusa da lam. Da wannan lafazin Hausa ta karɓi kalmomi da dama: alwala, farilla, larura, lamiri, falala, da sunan Murtala, duk ladi ne a cikinsu. Ta kuma haɗiye "al" ɗin ta zama jikin kalma, kamar a alƙalami da alƙawari. Kadi kuwa ta takardun gwamnati ta zo, ita ake kiran alƙalan kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a da ita, shugabansu Grand Kadi, wanda Bahaushe ya riga ya sa wa suna alƙalin alƙalai. A rubuta alƙali da ƙ mai lanƙwasa. Kalmar ta yi yawo har ta kai filin ƙwallo, inda mai busa usur ya zama alƙalin wasa, amma wannan zance ne na wata rana.

Lissafin shekarun mahaifinki ma abin lura ne. Ya fara aiki a Jihar Arewa maso Yamma, 1976 ta mayar da shi ma'aikacin Jihar Sakkwato, 1991 ta mayar da shi na Kebbi, yana nan kuma aka sake fasalin kotuna bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999. Allon ƙofar kotu ya yi ta canzawa, mutanen ƙauye kuwa ba su fasa cewa za su gaban alƙali ba.

Game da addu'ar: jin ƙai ne, wato tausayi, ba jiƙawa da ruwa ba. Ƙai ita ce kalmar, ita ke cikin "mai jin ƙai". Saboda haka a rubuta "Allah ya ji ƙansa", ji daban, ƙansa daban. Ku gaya wa mai buga takardar ya nemo ƙ ta gaskiya, don in ya sa k, ya koma "ji kansa", maganar ta tafi wani wuri. A ƙasa kuma ku sa "Marigayi Alƙali", sannan sunansa. Marigayi daga rigaya take, wanda ya riga mu gidan gaskiya.