Kun Tambaya, Mun Amsa: Tattaki a Gaɓar Teku, Tsakanin Duwatsu da Ƙauyukan Masunta

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saba yin kilomita 18 a ƙasa cikin awa huɗu ba tare da na ji a jikina ba. Yanzu ina shirin bin hanyar gaɓar teku a kudu maso yammacin Ingila, amma littafin jagora ya ba irin wannan nisa awa bakwai. Ko dai don tsofaffi aka rubuta shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, da kai ake. Wanda bai taɓa bin gaɓa ba yakan ɗauka hanyar a shimfiɗe take, tunda teku ma a shimfiɗe yake. Amma duk ƙoramar da ta gangaro ta faɗa teku ta yanka kwari a jikin gaɓar, kuma kowane kwari sai ka sauka har ƙasa sannan ka sake hawa. Hanyar da kake nufi, South West Coast Path, kilomita 1,014 ce daga Minehead zuwa Poole, kuma in aka haɗa hawan da ke cikinta ya kai mita 35,000, wato kusan ninki huɗu na tsayin dutsen Everest.

Ga lissafin da masu tattaki ke amfani da shi tun 1892, na wani ɗan Sikotland mai suna Naismith: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Kilomita 18 da hawan mita 900 sun ba ka awa biyar da 'yan mintuna, ba hutu, ba cin abinci, ba tsayawa kallo. Ka ƙara sulusi a kai, ga awa bakwai ta kusa cika. Kuma sauka ce ke cin gwiwa fiye da hawa, don haka ka riƙi sanduna biyu. A ranar farko kada ka wuce kilomita 12.

Tambaya: Taswira ta nuna wani wuri da hanya ke sauka ta bi rairayi a gindin dutse, an rubuta cewa ba a wucewa sai ruwa ya janye. Yaya zan san lokacin?

Amsa: Malama, wannan ce tambayar da muka fi so kowa ya karanta, domin nan ne ake rasa rai.

A yawancin gaɓoɓin Atilantika teku na cika sau biyu ya janye sau biyu a yini da dare. Tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, shi ya sa lokacin ke ƙara jinkiri da kimanin minti 50 kullum. Wurin da kika wuce a bushe da ƙarfe goma yau, bayan kwana bakwai a wannan lokacin yana ƙarƙashin ruwa. Wata ne ke jan ragamar abin. Kwana ɗaya ko biyu bayan sabon wata, da kuma bayan daren sha huɗu, ruwa ya fi cika kuma ya fi janyewa nesa. A tsakanin waɗannan lokuta biyu motsinsa kaɗan ne.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ruwan ba ya dawowa da sauri iri ɗaya. A raba tashinsa kashi 12: awar farko kashi ɗaya, ta biyu kashi biyu, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, ta biyar biyu, ta shida ɗaya. A ce bambancin cika da janyewa mita 6 ne. Awar farko rabin mita kawai zai hau, mutum ya ga kamar teku barci yake, ya zauna ya buɗe ledar abinci. A awa ta uku da ta huɗu kuwa mita 3 zai hau. A mashigin Bristol, inda hanyar Ingila ta faro, bambancin kan haura mita 12. Kuma ruwan ba lallai ta gabanki zai zo ba. Yakan fara cike lambatun da ke bayanki, ya rufe hancin dutsen da kika kewayo, kafin ya taɓa ƙafarki.

Ki nemi jadawalin cikar teku na tashar jiragen ruwa mafi kusa, na wannan ranar, ki duba ko an daidaita shi da agogon bazara, wato lokacin da ake tura agogo gaba da awa ɗaya, domin wasu jadawalai na Birtaniya sai an ƙara musu awa ɗaya. Ki shiga rairayin ruwa yana kan janyewa, awa biyu kafin ya kai ƙarshe, ki tabbata kin fita kafin awa ɗaya da juyowarsa. In iska na bugowa daga teku, ruwa zai wuce abin da jadawali ya ce.

Akwai shaidar da ido ke gani. Ki dubi layin busasshiyar ciyawar teku da guntayen itace da tsummokaran raga da ruwa ya bari a kan yashi: iyakar cikar da ta wuce ke nan. In layin ya manne da gindin dutse, ko babu shi sam kuma jikin dutsen kore ne shar har sama da kanki, to idan ruwa ya cika babu wurin tsayawa.

In ta faru an rutsa ki, kada ki yi iyo, kada ki kama hawan bangon dutse. Ki koma wuri mafi tudu ki kira 112, lambar da ke aiki a duk Tarayyar Turai da Birtaniya, ki nemi masu tsaron gaɓa. Gindin dutse kan toshe sabis, don haka ki rataya usur: busa shida, shiru na minti ɗaya, a sake. A Bahar Rum motsin ruwan bai taka kara ya karya ba, can matsalar ruwan sama ce da zaftarewar ƙasa.

Tambaya: Taku nawa ya kamata in bari tsakanina da bakin dutse?

Amsa: Aƙalla mita 5, kuma in hanya ta yi nesa da baki, ka bi hanya. Igiyar ruwa na rarake dutse ta ƙasa, saiwar ciyawa na riƙe da saman, sai ka ga fili kore lafiyayye alhali ƙarƙashinsa iska ce. Tsaga a ƙasa da ta bi tsawon gaɓa, ko turakun shinge da suka karkata wajen teku, alama ce wannan yankin ya kusa tafiya. An fi samun zaftarewa bayan ruwan sama mai yawa, wani lokaci kwanaki bayan an ɗauke, rana na haskawa. Haka kuma kada ka nemi inuwa a gindin dutse. In hasashe ya nuna iska mai bugawa sama da kilomita 60 a awa, ka bi hanyar cikin ƙasa, domin jakar baya na kama iska ta juya mutum.

Tambaya: Ni sabon shiga ne. Cinque Terre ta Italiya ko Hanyar Masunta ta Fotugal?

Amsa: In kwana ɗaya ko biyu gare ka, Cinque Terre. Ƙauyuka biyar ne, Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore, kuma jirgin ƙasa na tsayawa a kowanne, don haka in ka gaji ka hau. Daga Monterosso zuwa Vernazza bai kai kilomita 4 ba, amma matakalar dutse ce ƙunci-ƙunci, tana cin kusan awa biyu. Ana sayen katin shiga, an hana silifas har da tara, kuma ana rufe sassa idan an yi gargaɗin ruwa. Via dell'Amore, hanyar da ke tsakanin Riomaggiore da Manarola, da ƙasa ta zaftaro mata a 2012, sai 2024 aka sake buɗe ta. Ka fita da sassafe kafin cunkoso.

Mu dai Hanyar Masunta muka fi so, ga mai kwana huɗu. Daga Porto Covo zuwa Vila Nova de Milfontes, Almograve, Zambujeira do Mar har Odeceixe, kowane zango tsakanin kilomita 15 da 22, ana bin alamar fenti kore da shuɗi. Sawun masu fatsa ne na gaske, kuma a watannin Afrilu da Mayu za ka ga fararen shamuwoyi sun yi sheƙa a kan tsinin duwatsu cikin teku. Wahalarta yashi ne mai laushi. Kilomita 3 a awa ka ƙiyasta, sha-raɓa za ta yi tsami, yashi ya shiga safa ya haifar da bororo. Da ka ji wuri ya fara zafi a dunduniya, tsaya nan take, ka kakkaɓe, ka manna filasta. Babu inuwa, babu famfo tsakanin ƙauyuka: rabin lita ga kowace awa, wato lita 3 a yini. Yuli da Agusta a bar su, saboda zafi.

Tambaya: Me ya kamata baƙo ya kiyaye a ƙauyen masunta?

Amsa: Bakin tasha wurin neman abinci ne. Ragar da aka shanya ba a taka ta, ba a tsallaka igiyar da ta ɗaure jirgi tana a miƙe, kuma gangaren simintin da ake tura kwale-kwale ba wurin zama ba ne, ga gansakuka mai santsi a ƙasansa. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum yana aikinsa. In ba lokacin baƙi ba ne, masauki da kanti kan rufe, mota kuma wataƙila sau biyu take zuwa a yini, don haka a kama ɗaki tun kafin a taso, a riƙe tsabar kuɗi da abincin rana ɗaya. Kafin ka bar ƙauyen, gaida wanda ke gyaran raga ka tambaye shi yadda ya ga teku yau. In jiragen duk suna ɗaure a ranar aiki, ka sake duba hasashen iska kafin ka hau gaɓa.