Firiz Ko Renda: Amsa Ga Ƙanenmu Na Daura Da Kwamfutarsa Ke Sarƙewa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka: laftof ɗinka Core i5 ce mai RAM 8, da zarar tirak, wato layin kowane kayan kiɗa ko murya a cikin manhajar haɗa waƙa, ya haura 25 sai sauti ya fara tsattsagewa kamar ana soya gyaɗa. Wani ya ce ka yi firiz, wani ya ce ka yi renda, kai kuma ba ka ga bambancinsu ba tunda duka biyun suna mayar da kiɗa ya zama odiyo. Na kwashe shekaru ina wannan aiki a ɗan sitidiyona da ke wajen Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, kuma kowanne daga cikin biyun ya taɓa ƙona ni, don haka bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Abin da ke wahalar da kwamfutarka ba yawan tirak ba ne a karan kansa. Filogin ne, wato ƙananan manhajojin da ke ƙera sautin kayan kiɗa ko su yi masa kwalliya. Duk lokacin da ka danna fule don kiɗan ya tashi, filogin irin su Kontakt ko Nexus ko Omnisphere sai sun ƙera sautin nan take daga rubutun MIDI, wato umarnin abin da za a buga ba sautin kansa ba, sannan masu gyaran sauti, kwamfuresa da ikyu da ribab mai sa amsa-kuwwa, su bi ta kansa, duk a cikin ƙiftawar ido. Karanta fayil ɗin odiyo da aka riga aka gama kuwa abu ne mai sauƙi, ko tsohuwar kwamfuta za ta ja guda 40 ba ta yi nishi ba. To firiz da renda duka wannan dabarar suke yi, su dafa sautin sau ɗaya a ajiye. Inda suka rabu shi ne abin da ke faruwa bayan an dafa.

Firiz ajiya ce ta ɗan lokaci. A Cubase idan ka danna alamar ƙanƙarar nan, manhajar za ta yi odiyo a ɓoye, ta zuba shi cikin wata folda mai suna Freeze a cikin foldar aikin, ta kulle MIDI, ta kashe filogin. Kana iya ƙara murya ko ragewa, kana iya kai sautin dama ko hagu, amma ba ka taɓa nota ko ɗaya. Ranar da ka so gyara sai ka narkar, komai ya dawo yadda ka bar shi. Akwai wani ɗan zaɓi da ke fitowa na sauke kayan kiɗan daga RAM, kar ka tsallake shi, domin kai da kake da 8 kacal nan ne ribarka take. Renda kuma sabon fayil ne naka na kanka, yana zaune a fili, ka yanka, ka juya shi baya, ka ja shi, ka tura wa wani. Tun daga Cubase 8 na 2014 aka sa Render in Place. Idan FL Studio kake amfani da shi, kamar yawancin yaranmu, to ka sani babu maɓallin firiz irin na Cubase ko Ableton. Abin da ke akwai shi ne Consolidate, wanda ya zo da FL Studio 20 a 2018: yana yi maka odiyo ya rufe bakin na asalin. Sai dai filogin ɗin yana nan zaune a RAM, Smart disable aikin CPU kawai yake ragewa, sai ka cire filogin ɗin da hannunka kafin ka ji sauƙi sosai.

Ni wurin da firiz ya fi yi mini rana shi ne lokacin ɗaukar murya. Mawaƙi na cikin ɗaki da hedifon, dole ka rage bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, zuwa 128 ko 256 don kada muryarsa ta riƙa dawo masa a makare. A 256 jinkirin bafar bai kai milisakan 6 ba, a 1024 kuwa ya haura 20, kuma wallahi mawaƙi yana ji, za ka ga ya cire kunne ɗaya yana kallonka ta gilashi. Amma ƙaramin bafa yana matse kwamfuta. Ga zafin Afrilu, fanka na ihu, laftof ta yi zafi har ba ka iya ɗora hannu, ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A irin wannan rana nakan daskarar da kiɗan gaba ɗaya, wato in yi masa firiz, piyano da bes da sarewa da gangunan, in kashe duk abin da na ɗora a masta, wato layin da duk sautin ke haɗuwa ya fita, in bar muryar kaɗai tana numfashi. Idan mawaƙin ya ce baiti na uku a ƙara masa bara huɗu, wato gaɓoɓin awon kiɗa huɗu, don 'yan amshi su shiga, sai in narkar, in gyara, in sake daskarewa. Minti biyar an wuce wurin.

Yanzu ga inda renda ta cije ni. Wata shekara da sanyin hunturu na haɗa kiɗan waƙar biki, na ji daɗinsa, na yi renda na kowane tirak, sannan don in sami wuri na goge MIDI da filogin duka. Ranar ɗauka mawaƙiyar ta zo da mura, ƙurar nan ta kama mata maƙoshi, ta kasa kai saman waƙar. Ta ce, “Yaya, a ɗan sauke mini kiɗan.” Da MIDI na nan, danna biyu ne. Sai na koma sauke odiyon da rabin murya uku, wato ƙananan matakan sauti uku. Piyano ya jure, bes ya yi duhu amma ana iya haƙuri da shi. Kalangun ne ya ƙi. Wannan ɗan kukan da yake yi idan an matse tsarkiya ya koma kamar ana buga bokitin roba, duk wanda ya tashi yana jin kalangu a gidan biki zai gane an taɓa shi. Kamu saura kwana biyu. Na kwana ina sake buga kiɗan daga farko da wutar janareto, man da na ƙona ya cinye rabin kuɗin aikin. Tun daga ranar ban sake goge MIDI ba. Ina yin renda, in kashe tirak na asali, in ɓoye shi a ƙasa. Ba ya cin komai, MIDI na waƙa guda bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba.

Shi ma firiz ya yi mini nasa, kuma wannan ya fi ciwo. Wani bawan Allah daga can Daura wajenku na yi wa waƙar bege, ya tafi da ita. Bayan kamar shekara biyu ya dawo yana son a ƙara baiti. A tsakani na sauya kwamfuta, kuma lokacin kwashe kaya fayil ɗin aikin da foldar muryoyi kawai na ɗauka, na bar foldar firiz a tsohon hadis da na riga na sayar. Na buɗe aikin, tirak 12 shiru. Na ce to bari in narkar, sai ga shi filogin ɗin da na yi sautin algaita da shi babu shi a sabuwar kwamfutar, wanda na samo kuma sautinsa ya bambanta. Mutumin yana zaune a bayana a kan benci, ya biya kuɗin mota tun daga Daura, yana cewa, “Malam, ba haka take ba fa.” Gaskiya ya faɗa. Ba mu taɓa dawo da ainihin sautin nan ba. Shi ya sa yanzu duk waƙar da na gama, kafin in rufe ta sai na fitar da kowane tirak a WAV, in ajiye a hadis na waje. Fayil ɗin WAV ba ruwansa da wace manhaja kake da ita ko wane filogin ya ɓace.

Idan za ka yi wannan rendar ta ajiya, ko ta tura wa mai miksin, wato mai daidaita sautukan waƙa, a Kano ko Kaduna, kowane tirak ya fara daga bara ta ɗaya, ko da sarewar sai a minti na uku take shigowa, don wanda ya karɓa ya jera su kawai su hau daidai. Ka bar wutsiya a ƙarshe, sakan huɗu ko biyar, in ba haka ba ribab zai yanke kamar an rufe ƙofa. Murya kuma ka fitar da ita kashi biyu, ɗaya tsurarta ba Auto-Tune ba komai, ɗaya da kwalliyarta. Yau ana son gyaran murya mai kauri, gobe mai waƙar zai ce ya yi yawa, kuma abin da aka dafa a ciki ba ya fita. Haka bes ɗin da ka sa yana kaucewa duk lokacin da kik, wato babbar gangar nan mai kauri, ya buga: idan ka yi masa renda sannan ka matsar da kik, kaucewar tana nan a tsohon wurinta, sai ka ji kiɗan yana ɗingishi ka rasa dalili. Wannan ka bar shi sai ƙarshe.

Maganar wuri kuma ka shirya mata. Odiyo na sitiriyo, wato mai ɓangaren dama da hagu, a kHz 48 da bit 24 yana cin kusan MB 17 a minti ɗaya. Waƙoƙinmu ba gajeru ba ne, ta minti 6 tirak guda ya kai MB 100, guda 30 kuwa kusan GB 3. Abin da yake mono, kamar murya da bes da kik, ka fitar da shi a mono, nauyin ya ragu da rabi. Kada ka ce za ka rage nauyi da MP3, kuma in ta WhatsApp za ka tura, ka tura a matsayin dokumen.

A aikin da ke gabanka yanzu, buɗe ma'aunin CPU, ka riƙa kashe tirak ɗaya bayan ɗaya kana kallon inda allurar ta faɗi. Sau da yawa biyu ko uku ne ke shan ƙarfin duka, galibi fad mai kauri, wato dogon sautin nan da ke shimfiɗe a bayan kiɗa, ko ribab da aka ɗora a kan kowane tirak daban maimakon a yi guda ɗaya a riƙa aika masa. Su za ka fara daskarewa. Ka faɗa mini wace manhaja ce a hannunka da lambarta, in nuna maka daidai inda za ka danna.