Yaya zan tattara tarihin kakana da ya yi yaƙin Bama?

Allah ya jiƙan Baba tsoho, ya sa ya huta. Ka ce ya yi yaƙin Bama, ya dawo ya riƙe gida da iyali har ƙarshen ransa, kana so ka rubuta wa jikoki tarihinsa.

Fara da akwatinsa. Tsofaffin sojoji ba sa wasa da takardar sallama. A nan za ka ga lambarsa da bataliyarsa. Idan akwai lambar yabo mai siffar tauraro, kada a goge ta da toka, a bar ta yadda take.

Daga bataliyar za ka gane inda ya je. Sojojinmu sun tafi ne cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, tsakanin 1943 da 1945. Ta 81 ta yi gumurzu da Japanawa a kwarin Kaladan, ta 82 kuma a Arakan. Wasu an haɗa su da dakarun Chindit, wato dakarun musamman na Birtaniya da ke kutsawa bayan layin Japanawa, a 1944, shi ya sa barikin Zariya yake ɗauke da wannan suna. Ka leƙa ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta jiharku, da gidan adana takardun tarihi na Kaduna.

Amma ni a ganina, ka fara gaggauta zama da kakarka da gwaggonninka, waya a kunne tana naɗar murya. Su suka san yadda yake raba fanshonsa ranar da ya karɓo, da marayun da ya aurar. Wannan ba ya cikin kowace takarda.