Sallah da Kirsimeti a Jos: amsa ga ɗan'uwana na Kano

Ɗan'uwa, ka tambaye ni wai mu Hausawan Jos ana ba mu hutun Sallah kuwa, ko Kirsimeti kawai muke gani. Na san ba da wata manufa ka yi ba, amma tambayar ta ɗan sosa min rai, don irinta muke sha duk lokacin da muka zo muku biki.

Hutun Sallah ƙarama da babba da na Maulidi gwamnatin tarayya ce ke bayarwa, Filato kuwa ba a wajen Najeriya take ba. Ranar da ma'aikatanku suka zauna a gida, namu ma suna gida. Inda muka sha bamban shi ne 1 ga Muharram: ku gwamnanku yakan ba da hutun sabuwar shekarar Musulunci, mu kuwa aiki ake yi. Ba daɗinsa muke ji ba. Amma jihar da ke da ƙabilu sama da 40, in aka ce kowa sai an ba shi ranarsa, yaushe za a yi aikin? Su ma maƙwabtan namu ba kowane bikinsu ake rufe wa ofis ba. Birom suna da Nzem Berom, Mwaghavul suna Puus Kaat a Mangu, Angas suna Pusdung a Pankshin, Tarok suna Ilum Otarok a Langtang. Kowa da lokacinsa, kowa ya kwashi iyalinsa ya nufi gida.

Mu duk mun san waɗannan ranaku, don da su muke cin abinci. Mahaifina tela ne, Allah ya jiƙansa. Lokaci biyu ne ba ya kwana a gida: goman ƙarshe na azumi da makon Kirsimeti. Ina tuna shi cikin hunturun Disamba, ya naɗe kunnuwansa da rawani, ga kaskon gawayi kusa da keken ɗinki, ga matan zumunta na coci sun jibge masa atamfa iri ɗaya, kowacce tana cewa tata za a fara. Da kuɗin ɗinkin Kirsimeti ake biya mana kuɗin makaranta a Janairu. Je ka tambayi mahautan 'Yan Shanu wane wata suka fi ciniki bayan layya.

Maganar cin abincin Kirsimeti, wadda na san ita ce a bakinka ba ka faɗa ba, ga yadda take. Maƙwabcinmu ba ya yanka akuyarsa da kansa. Da asuba zai aiko a kira Baba ya zo ya yanka, don kada mu yi ƙyanƙyami in an kawo mana. Mu kuma ran babbar Sallah cinya guda tasu ce. Akwai malaman da suka hana, akwai waɗanda suka halatta, kowa da wanda yake bi. Kafin dai ka ce addininmu ya yi ruwa-ruwa, ka tuna a nan Jos Shaikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a 1978, kafin ta iso muku.

Kakana neman kuɗi ya kawo shi haƙar kuza a Bukuru tun zamanin Turawa, daga ƙasar Kano ya taso, a nan aka binne shi. Mahaifiyata 'yar Angas ce, ta musulunta kafin aure, ta rasu da carbi a hannu. Kawunnaina har gobe coci suke zuwa, kuma da Hausa suke waƙoƙinsu a can. Su ne suka zauna mana zaman makoki tare da limamin unguwa. Amma da na je nema wa ɗana aure a wajenku, sai da wani dattijo ya ja ni gefe yana tambayar asalin kakar yaron. A nan a ce mana baƙi, in ɗanka zai nemi takardar shaidar ɗan jiha sai ka ga tasku. Mu zo can kuma a ce Hausarmu ta gurɓata, muna ce wa mace "ya zo". Wasunmu suna faɗa, gaskiya ne. Tuwon acca da gwate kuma ba mu da niyyar bari.

Abin da ya fi ci min rai ba wannan ba ne. Tun rikicin Juma'ar 7 ga Satumba 2001 gari ya rabu: Musulmi suka tattaru a Gangare, Rikkos, Unguwar Rogo da titin Bauchi, Kirista suka koma nasu ɓangaren. Aka tayar da bama-bamai a jajibirin Kirsimetin 2010, aka far wa masu sallar Idi a hanyar Rukuba a 2011. Kowane ɓangare yana da ranar bikin da ta zame masa ranar kuka. Simon Lalong, lokacin yana gwamna, ya ware 7 ga Fabrairu ranar yafe wa juna, ana taro, ana jawabai, Allah ya sa albarka. Sai dai yarana sun tashi ba su taɓa ɗaukar langa sun kai naman Sallah gidan Kirista ba, don babu ko ɗaya a layinmu. Kawunsu a waya suke yi wa barka da Kirsimeti.

In kana son ganin hawa irin naku, sai mu gangara Wase ko Dengi, masarautu ne na Musulmi a cikin jihar nan, da dawakansu da algaitarsu. In kuma a Jos za ka yi Sallar, ka iso tun ana jajibiri, don 'yan sanda kan hana Keke Napep fita ranar Idi, kamar yadda suke hanawa ran Kirsimeti, daga tasha zuwa gidanmu kuma da ɗan tafiya.