Filin Tambaya: Wai me ya sa Indiyawa ke ji da furen lotus haka?

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ina yawan ganin hoton wani fure a status ɗin mutane ana haɗa shi da maganar haƙuri da juriya, wai lotus, meye labarinsa? Daga ƙanwarki a Zariya.

Amsa: Wa'alaikissalam ƙanwata. Furen yana kama da badon da kike gani a kududdufi, amma ba jinsinsu ɗaya ba, shi lotus ɗagowa yake sama da ruwa a kan kara. Saiwarsa na can cikin taɓo, ruwan ma ƙazantacce, amma in ya fito fes zaki ganshi ba ɗigon laka, shi ya sa mabiya addinin Hindu da na Buda suka ɗauke shi alamar mutumin da wahala bata ɓata masa zuciya ba. Indiya ma shi ta riƙa a matsayin furen ƙasa, har jam'iyyar BJP shi ne tambarinta.

Kuma tsaftar nan ba tsafi bane, ganyen ne ke da wasu mitsi-mitsin ƙuraje da maiƙo kamar kakin zuma, ruwa na sauka sai ya dunƙule ya gangara ya kwashe datti.

Ni abin da yafi burge ni wlh irinsa ne, an tono wasu a busasshen tafki a Chana da suka haura shekara 1000, aka shuka suka tsiro. Sai dai masu status ɗin nan suna zuzutawa da yawa, ko lotus ɗin ma in tafkin ya ƙafe ko rana bata samunsa sosai baya yin fure.