Hayar motar da ba za ka mayar inda ka ɗauko ta ba

Saƙon wannan makon daga wani ƙanenmu ne ɗan unguwar Mabera, wanda ya shekara uku a birnin Houston na Amurka. Ga abin da ya ce: "Yaya, na samu aiki a Atlanta, farkon wata zan fara. Kayana ba yawa, akwatuna ne da katifa da ɗan tebur. Na nemi hayar mota in tuƙa da kaina in ajiye ta can, sai na ga kuɗin ya kusa ninka uku na wanda zai dawo da ita Houston. Ga kuɗin kama gida, ga na Inna da ba na son ya makara ko da kwana ɗaya. Ya zan yi?"

Ƙanena, Allah ya sanya albarka a sabon aikin. Lissafin da ya tayar maka da hankali ka san shi tun a gida. In mutum ya je babbar tasha a nan Sakkwato ya ce zai ɗauki shata zuwa Illela, direba ba kuɗin zuwa kaɗai zai yanka masa ba, har da man da zai ƙona ya dawo wayam. Amma ka dace da direban Illela da yamma, ya sauke fasinja yana son ya je ya kwana da iyalinsa, abin da ka miƙa masa zai karɓa, har da godiya. Haka kamfanonin can suke. Motar da ka ajiye a Atlanta, in ba su da buƙatarta a can, kai za ka biya wahalar dawo da ita. In kuwa motoci sun yi musu ƙaranci a can, farashi sai ya faɗo. Saboda haka aikinka shi ne neman wanda hanyarku ta zo ɗaya.

Farashin da ka gani na kamfani ɗaya ne, a reshe ɗaya, a rana ɗaya. Ka zauna da wayarka ka gwada Hertz da Avis da Budget da Enterprise da Alamo, ka riƙa sauya rana, ka riƙa sauya reshe. Ɗauka a filin jirgi yakan zo da ƙarin haraji da kuɗin fili, reshen cikin gari yakan fi sauƙi, sai dai wasu ƙananan rassa ba sa sakin mota zuwa wata jiha, don haka ka buga waya ka tambaya. Kuma kada idonka ya tsaya kan kuɗin rana. Wani kamfani zai ware maka kuɗin ajiyewa a wani gari ka gan shi ƙarara, wani kuma ya cusa shi cikin kuɗin rana. Jimlar da ke shafin ƙarshe ita ce gaskiyar magana. In ka samu mai dama-dama, ka kama wadda ba a biya sai ranar ɗauka, domin yawanci ana soke irinta ba tara. Ka ci gaba da leƙawa, in ka ga ƙasa da haka ka soke ka sake kamawa.

Akwai kuma masu neman direban Illela da gaske. Shafuka irin su Transfercar da Imoova suna haɗa mutane da motocin da kamfani ke son a kai wani gari, wani lokaci a kan dala ɗaya a rana. 'Yan uwanmu na Turai suna da Movacar a Jamus da Driiveme a Faransa. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Su ke zaɓar rana da hanya, su ƙayyade kwanaki, kuma ba lallai ka samu ta Houston zuwa Atlanta a makon da kake so ba. Ka leƙa, amma kada ka rataya ranar fara aikinka a wuyansu.

Yanzu maganar katifa da tebur. Gaskiya zan faɗa maka, ba su kai a yi musu hayar babbar mota ba. Tafiyarka kusan mil 790 ce, wato ta fi daga Sakkwato zuwa Legas, awa sha biyu a kan sitiyari ban da tsayawa salla da cin abinci. Mafi ƙanƙantar motar kaya ta kamfanin haya na U-Haul tana yin kamar mil 12 ne a galan ɗaya, kenan za ka sha fiye da galan 60. Ƙaramar mota ba za ta sha rabin haka ba. Ka sayar da katifar a Facebook, ko ka bai wa wani sabon zuwa a masallacinku ka samu lada, ka loda akwatunanka a ƙaramar mota ko irin Sienna ɗin nan. In kuma dole sai motar kaya, ka sani U-Haul tana ƙayyade maka mil da kwanaki, abin da ya haura ka biya, takwararta Penske kuwa ba ta ƙirga mil a tafiyar da ba dawowa.

Ba ka faɗa mini shekarunka ba. In ba ka kai 25 ba, yawancinsu suna ɗora ƙarin kuɗi a kowace rana. Sannan batun kati, wanda ya shafi kuɗin Inna kai tsaye: lokacin ɗauka suna riƙe wani kaso a katinka har sai ka mayar da mota, kuma sakin yakan ɗauki kwanaki. In katin asusunka na yau da kullum ka ba su, kuɗin da ka ware wa gida na iya maƙalewa daidai ƙarshen wata. Ka tura wa Inna nata tukuna, sannan ka je ɗaukar mota. Inshora kuma kada ka ƙi ta don tsimi sai ka tabbatar kana da wata da ta rufe ka. Katin bashi da yawa suna biyan ɓarnar ƙaramar motar haya, amma galibi ba sa shiga batun motar kaya. In wani zai taya ka tuƙi, a rubuta sunansa a takarda, domin in tsautsayi ya faru yana kan sitiyari babu sunansa, inshorar ta tashi.

Ni kaina abin ya taɓa ci na lokacin da nake can. Na isa da dare, reshen a rufe, na jefa makulli a akwatin da suka tanada na tafi. Bayan kwanaki sai ga takardar neman kuɗi kan wani ƙarce a ƙofar baya da ban san da shi ba, kuma ba ni da abin nunawa. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ka zagaye motar da bidiyo kafin ka tashi, har da gilashi da taya da allurar mai. Ka cika tanki kusa da inda za ka ajiye, ka miƙa makulli hannu da hannu da rana, ka karɓi rasit.

Da ka sauke kaya, takardu biyu na jiranka. Wanda ba ɗan ƙasa ba doka ta ba shi kwana 10 ya sanar da hukumar shige da fice ta Amurka, wato USCIS, sabon adireshinsa, da fom ɗin AR-11 ko ta shafinsu na intanet, kuma kyauta ne. Jihar Georgia kuma, inda Atlanta take, tana so ka sauya lasin tuƙinka zuwa nata cikin kwana 30. In ka shiga sabon ɗakin, ka kira Inna ta bidiyo ta gan shi, ka gaishe mini da ita.