Shagona ya ƙone, hankalina ya kwanta: ƙana'a ce ko mutuwar zuciya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne, atamfa da shadda nake sayarwa, har Allah ya ba ni shago nawa da yara masu kama mini. Shekara uku da suka wuce gobara ta tashi a layinmu cikin dare, ko ƙyalle ban fitar ba. Yanzu a shagon abokina nake zama, ina taya shi ciniki yana sallama ta, abin yana isar cefane da haya da kuɗin makarantar yara. Abin mamaki, hankalina ya fi kwanciya yanzu, ina barci, ina samun jam'i. Amma ƙanena kullum turo mini bidiyo yake a waya, na masu cewa kada mutum ya taɓa yarda da inda yake. Maiɗakina ma ta ce zuciyata ce ta mutu. Akwai kuma mutum biyu da ke bi na ragowar kuɗin kaya, sai dai ba su matsa mini ba. Zaman da na yi haka ƙana'a ce, ko laifi nake yi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar maka da mafi alheri, ya kiyaye gaba.

Natsuwar da ka samu a kan abin da wuta ta ci ni'ima ce, kada ka bari kowa ya ƙwace maka ita. Sake zama babban ɗan kasuwa kuma Shari'a ba ta ɗora maka ba. Inda maganar take da nauyi shi ne mutanen nan biyu da ka ambata a ƙarshen tambayarka kamar ƙaramin abu.

Mu fara da asarar. Allah ya faɗa tun da wuri a Suratul Baƙara, aya ta 155, cewa zai jarraba mu da wani abu na tsoro da yunwa da tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona. A Suratul Hadid, aya ta 22 da 23, ya ce babu masifar da za ta auku face tana rubuce kafin ya halicce ta, don kada mu yi baƙin ciki a kan abin da ya kuɓuce mana, kada kuma mu yi alfahari da abin da ya ba mu. Haƙuri a nan wajibi ne, ma'anarsa kame harshe da gaɓɓai daga fushi da hukuncin Allah. Yarda, wato zuciya ta kai ga natsuwa da abin da ya faru, daraja ce ta sama, kuma malamai da dama sun rinjayar da cewa mustahabbi ce. Imam Al-Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 684 bayan Hijira, ya bambanta yarda da hukuncin da yarda da abin da aka hukunta. Ya kawo misalin mara lafiya: in ya ce magani yana da ɗaci bai soki likita ba, in ya ce likita ya cuce shi da ya ba shi wannan magani, to ya soke shi. Saboda haka ko da har yau kana jin zafin gobarar babu laifi a kanka, balle Allah ya cire maka zafin.

Mutane suna ɗauka dangana da nema kishiyoyi ne, alhali Annabi (SAW) ya haɗa su a hadisi guda. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira: "Ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. In wani abu ya same ka, kada ka ce da na yi kaza da kaza ta faru. Ka ce Allah ya ƙaddara, abin da ya so shi ya aikata." Rabin farko na hadisin yana magana a kan abin da bai zo ba tukuna, rabin ƙarshe a kan abin da ya riga ya wuce. Annabi Yaƙuba (AS) ya yi baƙin cikin Yusuf har idanunsa suka yi fari, ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukansa, sai a ayar da ke biye ya ce wa 'ya'yansa su tafi su nemo labarin Yusuf da ɗan'uwansa.

To wane irin nema ne wajibi? Wanda za ka sauke haƙƙin da ke wuyanka da shi. Ci da tufafi da wurin zama na iyali, gwargwadon hali, kamar yadda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. In yadda ka faɗa haka ne, wannan kana sauke shi. Abin da ya wuce nan, a nemi shago na biyu, a canza mota, halal ne ga mai so, har ya samu lada in niyyarsa ta yi kyau, amma wanda ya bar shi bai yi zunubi ba. A Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya ce wanda ya musulunta, aka azurta shi da daidai buƙata, Allah ya wadata zuciyarsa da abin da ya ba shi, ya rabauta.

Bidiyon ƙanenka ba duka ne ɓata ba, akwai zaburarwa mai amfani a ciki ga matashin da ke kwana har hantsi. Inda na saɓa da su shi ne da'awar cewa duk wanda ya tsaya ya fāɗi. Sukan kawo Abdurrahman bin Auf, kuma labarin gaskiya ne: ya iso Madina hannu wofi, Sa'ad bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya ce Allah ya yi maka albarka, a nuna mini kasuwa, ya dawo da ribar cuku da man shanu, daga baya ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Abin da ba sa ƙarasawa shi ne Bukhari ya ruwaito cewa an taɓa kawo masa abinci yana azumi, ya tuna Mus'ab bin Umair, ya ce ya fi ni alheri, an kashe shi aka rasa likkafanin da zai rufe shi, in an rufe kai ƙafafu su fito. Ya yi ta kuka har ya bar abincin, yana tsoron kada a ce an gaggauta masa ladansa tun a duniya. Maganar nan kuma da ake yawan yi, wai Allah ya ce tashi in taimake ka, ba aya ba ce, ba hadisi ba, a daina jingina wa Allah ita.

Yanzu bashin. Ƙana'a tana aiki ne a kan rabonka, ba ta aiki a kan haƙƙin wani. Ba ya halatta mutum ya ce ya wadatu da abin da yake samu alhali kuɗin jama'a na hannunsa kuma yana da ƙarfin da zai ƙara nema. Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. Shirun da suka yi maka kara ce, ba yafewa ba.

Amma kafin komai a duba yadda kayan suka shigo shagonka, domin hukuncin ya bambanta. In saye ka yi, an yanke farashi, ka ɗauki dilolin a kan za ka biya daga baya, sun zama naka, asararsu a kanka take, kuɗin kuma bashi ne. In kuwa ajiya ce aka ba ka, ko an wakilta ka ka sayar ka kawo kuɗin mai kaya, ko jari aka zuba maka a raba riba, wanda malaman fiƙihu ke kira ƙiradi, to kai amintacce ne, ba a bin ka abin da gobara ta ci sai in an tabbatar da sakaci daga wajenka. A kasuwanninmu an fi yin irin wannan mu'amala da baki, babu takarda, shi ya sa rigima ke tashi bayan mutuwa tsakanin magada. Ku zauna da su a gaban dattawan layinku ko wani malami, a fayyace, a rubuta.

In ya tabbata bashi ne, ka je da ƙafarka, kada ka jira su aiko. Ku yanke abin da za ka riƙa bayarwa duk wata, komai ƙanƙantarsa. Su kuma aya ta 280 a Baƙara ta wajabta musu jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kwaɗaitar da su yafewa. Kada kunya ta hana ka karɓar taimako. A hadisin Ƙabisa da Muslim ya ruwaito, wanda annoba ta cinye dukiyarsa yana cikin mutum uku da aka halatta wa neman taimako har ya samu abin tsayuwa da ƙafarsa, kuma mai bashin da bai ci shi ta hanyar saɓo ba yana cikin kaso 8 na masu cin zakka a Suratut Tauba, aya ta 60. Abin da ban yarje maka ba shi ne ka ci bashi mai ruwa don ka buɗe sabon shago saboda gorin mutane. Ka nemi ƙarin hanya ta halal, ko dillancin kaya ga tsofaffin abokan cinikinka, ko 'yan turame kaɗan da za ka ajiye a gefen shagon abokinka da izininsa, ribar ta tafi wajen biya.

Maiɗakinka kuwa, kada ka yi mata wa'azin haƙuri ka tashi. Ita ma gobarar ta ci ta, ta saba da wani hali ta wayi gari a wani. Ka tambaye ta abin da ya gaza a gidan. In akwai abin da yake haƙƙinta ne ko na yara, magani ko sutura, ya shiga cikin neman da ya wajaba a kanka. In kuwa tsoron gobe ne ke damunta, ka nuna mata takardar da kuka rubuta da masu bin ka da abin da kake ragewa duk wata. Ranar da ka gama biya, in ka zaɓi ci gaba da zama a shagon abokinka, babu mai cewa ka saɓa wa Allah.

Wallahu a'alam.